Alfadarar da Ta Haihu a Cedar Fork

Cedar Fork, Tennessee, watan Yuni

Daga ofishin Farfesa Dakta Wendell Ashcraft, Shugaban Cibiyar Binciken Dabbobi Masu Kofato ta Jihohin Kudu, zuwa ga Malama Hodan Warsame, mai neman digiri na biyu a ilimin halittu, Minnesota.

Bayan gaisuwa irin ta manyan masana, ina fatan kina lafiya, ke da iyayenki, har da masu ciwon gwiwa a cikinsu in akwai. Ni lafiyata lau, sai nauyin ilimi da ke ɗan damun wuyana.

Sunanki ya iso gare ni ta bakin wani saurayi a nan, Abshir, ɗan'uwanki in ji shi, yaro kyakkyawa mai hankali wanda ban ga kamarsa ba a nahiya uku. Ya ce a ɗakin gwajinku kukan duba gashin dabba ku faɗi uwarta. To ga magana.

Akwai wani dattijo a garin nan, Orval Tidwell, mai kiwon alfadarai, a wurinsa yaron yake aiki. Shekara talatin shi ke alƙalanci a bikin alfadarai na gundumar nan. Wanda ya sayi dabba a hannunsa, musabiha kawai ake yi. In ya ce alfadari na shuri, to yana shuri. In ya ce ba ya yi, kwantar da jaririnka a ƙarƙashinsa ka tafi kasuwa.

Yana da alfadara mai suna Opal. Da yake kowa ya san alfadara ba ta haihuwa, ba wanda ya taɓa raba ta da jakin gidan, Sanata. Da cikinta ya fito ma sai aka ce haɗama ce, aka rage mata hatsi. Wata Juma'a da rana, Abshir ya tafi masallaci, Tidwell ya tarar da ita kwance bayan barga tana nishi, ya jawo ɗa daga jikinta da hannunsa.

Ba wanda ya gani sai shi, nan kuwa gizo ke saƙa. Maƙwabcinsa Buck Ragsdale yana da goɗiya wadda Sanatan nan ya hau bara. Ta haihu a daji a makon, ba a ga ɗan ba, shingen da ke tsakanin gonakin kuma a karye yake. Masu alfadarai sun san alfadara ɓarauniyar 'ya'ya ce, takan kori uwa ta riƙe ɗa har nono ya zo mata. Saboda haka Ragsdale ya ce ɗan nasa ne, Opal ta sato. Yanzu a kantin dusa rabin mutane na cewa Tidwell ƙarya ya yi, rabi na cewa tsufa ya taɓa masa kai. Kwamitin biki sun ce in ba a warware kafin Satumba ba, wani za su ba alƙalancin.

Ga ambulan uku na gashin wutsiya da saiwarsa: na Opal, na ɗan, da na goɗiyar Ragsdale. Da ni zan gwada da kaina, amma injina yana wurin gyara. Ki aiko amsa ta akwatin gidan waya da ke bayan ambulan.

Naki cikin kimiyya,
Farfesa Dakta W. Ashcraft


Minnesota, watan Yuni

Ranka ya daɗe Farfesa,

Ina gaisuwa da girmamawa, ina fatan wuyan ya yi sauƙi. Muna lafiya, mahaifiyata kuwa da gaske tana fama da gwiwa, na gode da tambaya.

Na nemi cibiyarku a intanet ban samu ba, amma na san dattawan masana da yawa ba su damu da wannan ba. Malamata, Dakta Lindqvist, ta yarda in gwada gashin idan layin injin ya zo kaina.

Kun fi ni sani, amma bari in faɗi abin da ya sa nake ɗokin aikin nan. Gadon da iyaye ke ba ɗa a ƙulle yake ƙulli-ƙulli cikin kowace ƙwayar jiki. Doki na da sittin da huɗu, jaki sittin da biyu, alfadari ya tashi da sittin da uku, ba su rabuwa biyu daidai. Da wannan muke koya wa 'yan aji ɗaya cewa doki jinsi ne, jaki jinsi ne: suna haɗuwa, amma zuriyar a nan take tsayawa. Sai dai jefi-jefi an taɓa samun alfadarar da ta haihu, kuma ban taɓa zaton zan riƙe gashin irinta ba. Ba na alkawarin amsar za ta yi wa Mista Tidwell daɗi. Abin da injin ya ce shi zan faɗa.

Game da Abshir, kakarsa da kakana uwa ɗaya uba ɗaya. Don Allah kada ku bari ya taɓa wani ambulan. Bara ya bugo mini waya da muryar tsohuwa ya ce daga ofishin shige da fice ne, an soke takarduna, sai da na yi kuka ya fashe da dariya. Tun ranar ba na ɗaukar wayarsa. Amma in kun ga dabba a hannunsa ku kwantar da hankali. A sansanin 'yan gudun hijira da muka taso a Kenya, jakin da ya gagari manya shi ake kira wa, yana ɗan shekara goma.

Taku,
Hodan Warsame


Minnesota, watan Yuni

Abshir,

Assalamu alaikum. Kana lafiya? Inna Sahro na gaishe ka, gwiwar tana nan, ta ce ka rage shiririta ka yi aure. Kada ka ɗauka na huce don na rubuto.

Akwai wani babban malami a garinku, Farfesa Ashcraft. Ban san yadda aka yi ya san ka ba, har yana yabonka, da alama idonsa ya fara rauni. In ka gan shi ka gaishe shi da ladabi, ka tuɓe hular nan taka mai ƙazanta, kuma kada ka gwada masa muryar tsohuwa. In ka kunyata ni a gabansa, wallahi sai Inna ta ji. Ka ba ni labarin mutumin, da na dattijon da kake wa aiki.

Yayarka,
Hodan


Cedar Fork, watan Yuli

Yaya Hodan, uwar masu ilimi,

Wa alaikumus salam. Ashe kina da hannun rubutu! Na ɗauka sanyin Minnesota ya cinye yatsun. Lafiyata lau, sai Sanata da ya taka mini ƙafa, farcen ya yi baƙi. Ki ce wa Inna ta shafa man da na aiko, na dawaki ne amma gwiwa gwiwa ce.

Farfesa na gan shi. Kullum ina ganinsa, musamman da safe in zan wanke fuska. Dogo ne, kyakkyawa, mata na sonsa. Ya ce in gaya miki ki hanzarta.

Baba Orval kuwa, Yaya, ban san yadda zan kwatanta miki shi ba. Shekara bakwai ina hannunsa ban taɓa jin ya ƙara wa magana gishiri ba. Mutanen da suka girma suna sayen dabba a kan kalmarsa yanzu in ya shigo kanti sai su yi shiru. Shi kuwa ya zauna a kujerarsa ta kullum, ya saya wa Ragsdale kofi, ya tambaye shi lafiyar matarsa. Shingen da ya karye ma shi ya gyara, har ɓangaren Ragsdale. Da ni ne da tuni na saka wa mutumin nan kwaɗo a takalmi.

Abin dariya, mutum biyu kaɗai suka gaskata shi a garin nan, kuma su biyun ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba. Fasto Dwight Mabry na cocinsu, da Malama Eunice Calloway da ta koyar da ilimin halittu a sakandare har ta yi ritaya. Shekara ashirin suna dambe a taron makaranta kan abin da za a koya wa yara. Ranar Lahadi bayan coci suka zo ganin ɗan, aka zauna a baranda da burodin masara da shayi mai ƙanƙara.

Fasto ya nuna barga ya ce, "Eunice, ga amsarki can tana shan nono. Doki da jaki iri ɗaya ne tun ranar da aka halicce su. Duk abin da ya iya haihuwa da juna, 'yan gida ɗaya ne. Annabi Nuhu bai cika jirgi da doki da jaki da jakin dawa ba, mace da namiji ya ɗauka, sauran daga su suka fito."

Ta ce, "Madalla, Dwight! Wato dabba biyu suka zama doki da jaki da jakin dawa cikin shekara dubu huɗu? Ni kuwa kun kusa raba ni da aikina don na ce halitta na canzawa cikin shekara miliyan. Ashe ka fi ni gudu, ɗan'uwa."

"Canji a cikin gida daban ne. Jaki bai taɓa wayar gari saniya ba."

"To ina katangar gidan? Tashi ka nuna mini. Akuya da tunkiya gida ɗaya ne ko maƙwabta?"

"Ke ina taki katangar? Ba ke kika koya wa 'yata cewa jinsi biyu ba sa ba da ɗa mai haihuwa ba? Ga Opal ta tsallake, ko tuntuɓe ba ta yi ba."

Malama Eunice ta yi dariya har shayi ya sarƙe ta. Ta ce, "Ta tsallake kam. Ni katangata da fensir na ja, shi ya sa nake yawo da abin gogewa. Taka fa?"

Ya ce, "Tawa ba ni na ja ba. Nemanta nake yi, kuma ban ce na gama ganinta ba."

Sai ta miƙa masa burodi, ta ce ya ci ya ƙara ƙarfin nema. Wallahi Yaya sun burge ni. Ko zakaru ba sa faɗa da daɗi haka.

Suka juyo kaina, wai ni me aka koya mini. Na ce a makarantar allo an jero mana doki da alfadari da jaki, kowa da sunansa. Malam bai nuna mana katanga ba, ya dai ce kada mu tsaya a bayan ko ɗaya daga cikinsu.

Baba Orval bai sa baki ba sai da suka gaji. Ya nuna damtsensa ya ce, "Ni dai hannuna ya shiga har nan. Iri ne ko jinsi ne, ku ta shafa. Ɗan na Opal ne."

Ki taimake shi, Yaya. Ba don ni ba.

Ƙaninki da ya fi ki kyau,
Abshir


Cedar Fork, watan Agusta

Daga Farfesa Dakta Ashcraft zuwa ga Malama Warsame.

Gaisuwa. Ina fatan lafiya ce ta kawo shirun nan. Tun Yuni ba mu ji daga gare ki ba, yaron nan Abshir ya kusa cinye hanyar gidan waya da sintiri, har ya rame. Kwamiti sun fara gwada wa wani hular alƙali. Jiya Tidwell ya tsaya a bakin barga ya tambayi yaron, "Ɗana, ko dai da gaske kaina ne ya taɓu?" Ban taɓa jin ya yi shakkar idonsa ba sai jiya.

In wani abu a wasiƙata ta farko ya sa ki zargi, ko kin ji wata magana a kaina, ki ajiye ta gefe tukuna, ki gwada gashin. Masana na Turai suna roƙona in ba su aikin nan na hana, na ce ke na zaɓa.

Ƙofar cibiyarmu a buɗe take, ku zo ku gan mu duk ranar da kuka ga dama.

Farfesa


Minnesota, watan Agusta

Ranka ya daɗe,

Ina gaisuwa, ina neman afuwa. Ba zargi ba ne ko kaɗan. An yi wa mahaifiyata aikin gwiwa, ina asibiti da ita, yanzu alhamdu lillahi tana takawa da sanda. Sannan da amsar ta fito ban yarda da idona ba, sai da na sake gwadawa, Dakta Lindqvist ma ta sake da hannunta.

Ɗan na Opal ne. Goɗiyar Ragsdale ba uwarsa ba ce, ko kusa. Ga takardar sakamakon a haɗe. Ku gaya wa Mista Tidwell kansa lafiya lau.

Ban san abin da wannan zai yi wa gardamar Fasto da Malama Eunice da ƙanina ya ba ni labari ba. Ina jin kowannensu zai ce shi ya ci. Ni dai abin da na gani, doki da jaki sun yi nisa da juna har ƙofar da ke tsakaninsu ta kusa rufewa, amma ba ta rufe ruf ba.

Ga albishir. Dakta Lindqvist ta karanta gayyatarku ta ji daɗi ƙwarai. Mun karɓa. Za mu taso da mota mu iso ranar Asabar ta farkon Satumba, mu ɗebi jini, mu ga cibiyarku. Tana so mu rubuta rahoto a mujallar masana, sunanku a farko tunda ku kuka tattara gashin. Ta ce ba ta taɓa jin sunanku ba, tana jin kunyar hakan. Wannan ne aikina na farko da zai fita duniya, kuma ku ne sanadi.

Taku,
Hodan Warsame


Cedar Fork, ƙarshen Agusta

Yaya Hodan,

Assalamu alaikum. Allah Ya ƙara wa Inna sauƙi, ban san an yi mata aiki ba, da ban takura miki ba. Ni jikina lafiya. Ki zauna kafin ki ci gaba da karatu, kuma in akwai abin jifa kusa da ke ki matsar da shi.

Mutanen nan in za ku rabu sai su ce ku zo ku gan mu. Mai gidan mai yana faɗa, ɗan sanda ma in ya gama rubuta maka tara yana faɗa. Ba wanda ke zuwa. Ban san a Minnesota ana ɗaukar maganar da gaske har a zuba wa mota mai ba.

Da takardarki ta iso na ruga da ita barga. Baba Orval ya sa tabarau ya karanta, ya sake karantawa, ya shiga ya daɗe yana shafa wuyan Opal. Washegari aka manna ta a bangon kantin dusa. Fasto ya ce ya ci, Malama Eunice ta ce ta ci, kamar yadda kika faɗa. Aka tambaye ni wane ne Farfesa Ashcraft da sunansa ke sama, na ce wani babban mutum ne mai wucewa. Na sha kirari kwana biyu. Amma ɗaya shafin, mai maganar Asabar, yana aljihuna yana ƙona ni. Na ga in malamarki ta zo ta tarar ba cibiya ba Farfesa, ke kin kunyata, Baba Orval kuma za a ce maƙaryaci ya ɗauko maƙaryaci ya yi masa shaida.

Shekaranjiya muna ɗaure waya a shinge na gaya masa komai. Ya ƙarasa buga ƙusar da ke hannunsa. Sannan ya ce, "Gashin goɗiyar Buck, shi ya ba ka?" Na ce a'a, haurawa na yi na tsinko, har ta kusa zubar mini da haƙora. Ya ajiye guduma ya ce in shiga mota.

Kantin a cike yake. Ya wuce kai tsaye ya ɓamɓare takardar daga bango, ya juyo ya ce, "Jama'a, takardar nan ta zo ta hannun mutumin da babu shi, gashin kuma an ɗebe shi ba da sanin mai shi ba. Ban sani ba sai yau. Kada kowa ya yi aiki da ita. Maganata tana nan yadda na faɗa, ba ni da wata shaida sai ita."

Yaya, shaidarsa ɗaya tak a duniya, ya ninke ta ya sa a aljihu. Malama Eunice ta ce, "Orval, injin bai san sunan wanda ya aiko ba, sakamakon gaskiya ne!" Ya ce, "Na sani, Eunice. Amma ba ta ƙofar gida ya shigo ba."

Ragsdale ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Kai ne ka fige wa goɗiyata wutsiya, ɗan banza? Na ɗauka ƙaya ce." Aka yi dariya, ban da ni. Sai Ragsdale ya ce, "Orval, ɗan dai nawa ne har gobe, sai na tsinke gashin da hannuna an gwada a gabana. Amma alƙalancin bana, in ba kai ne a fili ba, ba dabbata da za ta taka wurin." Wani ya ce shi ma haka, wani ya ƙara. Shugaban kwamiti yana zaune kan buhun dusa, ya ce to an gama, hula ta koma inda take.

A hanyar gida na ce wa Baba Orval ko in haɗa kayana. Ya ce, "Wa zai kwashe mini kashin barga? Farfesa?" Sannan ya ce akwai sauran mutum ɗaya da ban gaya wa ba, kuma ba zan ci abinci a teburinsa ba sai na rubuta.

To ga shi. Babu cibiya, babu inji a wurin gyara, babu masanan Turai. A ɗakin karatu na gari na buga wasiƙun. Manyan kalmomin daga bakin Malama Eunice na haddace su yadda muke haddace allo, na'ura ta gyara mini rubutun. Na san in da sunana na aiko, ko buɗe ambulan ba za ki yi ba, kuma ni na jawo wa kaina wannan. Amma aikin da kika yi naki ne, ba Farfesan da ya sa miki hannu, kuma duk garin nan ba wanda ya iya shi. Ki nuna wa malamarki wasiƙar nan, ki ce ƙaninki ne ya yaudare ki. In ta fasa zuwa ban ga laifinta ba. In kun zo, Ragsdale zai kawo goɗiyarsa, Fasto da Malama Eunice za su tsaya shaida, Baba Orval ya ce ɗakin baƙi naku ne.

Wanda ya rubuta miki a watan Yuni, da wanda ya takura miki a Agusta kina jinyar Inna, da wanda ke roƙonki yanzu, duk mutum ɗaya ne. Bai wuce makarantar allo ba, kuma tun shekaranjiya a tsaye yake cin wake a barga.

Ni ne,
Abshir